Jinyar Barewa

Bauranya, watan Ƙaramar Salla, 1957

Asabar, bayan la'asar

Ranar da aka rufe ajinmu na yaƙi da jahilci a Kusada, Malama Haulatu ta ba kowace mace littafi da fensir. Ta ce duk wadda ba ta riƙa rubutu ba, hannunta zai manta. Nawa yana cikin ƙwarya tun kafin azumi, don ban ga abin da zan faɗa ma takarda ba. Yau na samu.

Barewa na da kumburi a ciki.

Barewa karyar Maigida ce ta farauta. Ja ce, siririya, mai dogayen ƙafafu, shi ya sa ya raɗa mata wannan suna. Da zai tafi wajen Katsina neman magani, shekarar da ta wuce bara, bai yi mani maganar gona ba, bai yi ta awaki ba. A bakin zaure ya tsaya ya ce, "Kubura, ga Barewa nan." Shi ke nan. Ta bi shi, ya koro ta, ta sake bi, sai da na kama ta na ɗaure a turken akuya.

Ɗazu ta kwanta rigingine a gindin randa tana neman sanyi, sai na ga abin kusa da nononta na baya. Na taɓa. Tauri gare shi kamar goro. Ta dube ni ta kaɗa wutsiya.

Litinin, da hantsi

Iyatu ta zo da nono. Bafillatana ce, rugarsu na bayan gonarmu, tun muna amare muke ƙawance. Na kwantar da Barewa na nuna mata. Ta latsa da yatsa.

"Kubura, wannan ba ƙurji ba ne," in ji ta. "Ƙurji zafi gare shi. Bari in gaya ma Bubayero."

Mijinta ke nan. Da yamma ya aiko ta da cewa in na yarda zai zo ya sa ƙarfe a wuta ya ƙona wurin, yadda suke yi ma saniya. Na ce a yi mashi godiya, amma ba zan iya ba. Na taɓa ganin an yi ma maraƙi, ƙaurin ya daɗe a hancina.

Alhamis, da azahar

Ya ƙaru. Ko kuwa idona ne.

Lahadi, da yamma

Ba idona ba ne. Ya kai ƙwan zabo, kuma bakinsa ya fashe saboda yawan lasa. Ƙudaje sun samu wurin zama.

Na jiƙa bagaruwa na wanke mata, na shafa man kaɗe. Ta lashe man tas, ta dube ni ko akwai ƙari. Sai na ɗauko tsohuwar taguwar Maigida, mai yagaggen aljihu, na yanke hannuwan, na ɗinka mata abin da zai rufe cikin, na ɗaure a baya da igiyar rama. Da na sa mata sai ta tsaya cak, ta sa hanci cikin tsumman tana shaƙa. Ta daɗe a haka. Na shiga ɗaki na yi wani aiki.

Maƙwabta sun sha dariya. Wai a Bauranya har karnuka sun yi ɗinkin salla. Ni ma na yi dariyar, don da gaske ta yi kama da tsoho mai zuwa kasuwa.

Talata, bayan magariba

Yaya Lawal ya zo daga Kusada. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba. Na shimfiɗa mashi tabarma, na kawo fura. Barewa ta fito daga bayan rumbu da rigarta, ya bi ta da kallo har ta kwanta.

"Magana biyu na zo da su," in ji shi.

Ta farko, kare in ya kai haka daji ake kai shi a baro. Ya ce warin zai kori mutane daga gidan, ga shi da ma ba su cika shigowa ba. Na ce, "Yaya, amana ce." Ya ce amanar wa, wanda bai san ranar dawowarsa ba?

Ta biyun ita ce dai wadda ya zo da ita bara. In je gaban alƙali a raba auren. Ya ce shari'a ta ba ni dama saboda irin ciwon Maigida, ba wanda zai zarge ni, in koma ɗakin Inna a Kusada in huta da noma ni kaɗai. Ba da faɗa ya yi maganar ba. Da faɗa ya yi, da ta fi mani sauƙi.

Na ce, "Na ji, Yaya." Ya ce, "Bara ma haka kika ce."

Bai shanye furar ba. Sauran na juye ma Barewa a kaskonta.

Laraba, da safe

Ta ci. Ba alamar hadari.

Jumma'a, da hantsi

A bakin rijiya akwai wata amarya da aka kawo daga Kunduru, ba ta san ni ba. Na ji ta tambayi ta kusa da ita wace ce ni. Aka ce mata, a hankali amma na ji, "Matar kuturun nan ce, mai kare da riga." Ta janye gugarta daga kusa da tawa.

To, ga shi na rubuta kalmar. Ba ta fi sauran kalmomi wuyar rubutawa ba.

Na ɗebo ruwana na dawo. Barewa ta tarye ni a ƙofa, tana ɗingishi kaɗan saboda nauyin abin. Iyatu ta ce akwai malamin dabbobi a Kankiya, wanda ke yi ma shanunsu allura. Ta ce ran kasuwa mu tafi tare.

Ran kasuwar Kankiya, bayan mun dawo

Da asuba muka tashi. Na aro jakin Bubayero, na sa Barewa cikin kwando a ɓari ɗaya na mangala, ɗaya ɓarin na zuba gyaɗa don kada kayan su karkace. Iyatu na gaba da ƙwaryar nono a ka. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya tsaya. Wani tsoho ya ce, "Halan sarauniyar karnuka ce za ta rangadi?" Iyatu ta ce mashi, "Ita ce, Baba, kauce mata."

Mun tarar da malamin a bayan gari, inda aka kafa shinge, shanu sun cika wurin. Sunansa Malam Dawuda, saurayi ne, da gajeren wando da hula. Na zauna a inuwa har ya gama. Na yi zaton zai kore ni. Sai ya wanke hannu, ya durƙusa, ya kwance rigar da kansa.

Ya daɗe yana taɓawa, har hammatar ƙafafunta ya laluba.

"Inna, ciwon daji ne," in ji shi.

Na san sunan. Shi ya ci gwaggona.

Na ce, "Malam, babu magani?"

Ya ce maganin sha babu, na shafawa babu. Amma in aka yanke shi tun bai bazu ba, takan samu sauƙi ta ƙara kwanaki masu daɗi. Shi bai iya wannan aikin ba, sai Baturen dabbobi, kuma yana nan zuwa rangadi in sabon wata ya kama. Zai roƙe shi. Bai yi mani alkawari ba.

Ya ba ni wani magani shuɗi a kwalba, in riƙa shafawa da gashin kaza saboda ƙuda. Ya tambayi mai karyar. Na ce yana wajen Katsina yana jinya. Ya dube ni, ya gane wurin da nake nufi, ya ce, "Allah Ya ba shi lafiya. Yanzu ai ana warkewa." Ba wanda ya taɓa ce mani haka. Na riƙe maganar tun daga Kankiya har gida.

Asabar, da safe

Cikinta ya zama shuɗi, harshenta ma shuɗi. Hannuna ma.

Litinin, da azahar

Ba ta ci ba. Zafi ya yi yawa, ko kaji sun buɗe baki.

Talata, da azahar

Ba ta ci ba. Na dama kunu na zuba nono, ta shinshina ta kau da kai. Na jiƙa buhu na shimfiɗa mata a gindin randa.

Ina ta tunanin in Maigida ya dawo ya tsaya a bakin zaure ya yi fito, irin fiton da yake mata, mi zan ce mashi.

Laraba, bayan la'asar

Iyatu ta kawo hanta, wai an yanka tunkiya a ruga. Na gasa na yayyanka ƙanana. Ta ƙi ɗauka a kasko. Na sa a tafin hannuna, ta ɗauki ɗaya, ta daɗe tana juya shi a baki, ta haɗiye. Ta ɗauki na biyu. Iyatu ta ce, "To, ga ta nan." Muka zauna mu biyu muna kallon kare na cin hanta kamar ba mu da aikin yi.

Jumma'a, da yamma

An yi ruwa.

Tun azahar gabas ta yi baƙi, iska ta ɗebe mani zana ɗaya. Da ya sauko sai ya sauko da gaske. Na fito da duk abin da ke riƙe ruwa a gidan. Barewa ta tashi da kanta ta fito tsakar gida, ta tsaya cikin ruwan, rigar ta manne mata, tana ɗaga hanci sama. Na kira ta, ta ƙi. Na ƙyale ta.

Asabar, bayan magariba

Na yi shuka. Gero a tudu, dawa wajen kwari. Ni ke sara, ni ke zuba iri, ni ke rufewa da ƙafa. Da can Maigida ke gaba da sungumi, ni ina baya.

Na bar Barewa a gida. Ina cikin aiki na waiga sai ga ta kwance ƙarƙashin gawo, a inda yakan ajiye gorar ruwansa. Ban san yadda ta iso ba. Dawowa sai da na goya ta a zane. Na gode Allah duhu ya fara, ba wanda ya gan mu.

Watan Zulƙida. Talata, da hantsi

Bubayero ya dawo daga Kankiya da saƙon Malam Dawuda. Bature zai sauka jibi. In zo da ita da safe, kada ta ci komai tun daren.

Kunduru, gidan Sa'a. Jumma'a, da safe

Jiya aka yi. Ban iya rubutu jiya ba.

Baturen dogo ne, ja, hancinsa duk ya saɓe da rana. Da Malam Dawuda ya yi mashi bayani sai ya dubi agogonsa, ya dubi shanun da ke jira. Na ce shi ke nan, ba zai yi ba. Sai Barewa ta leƙo daga kwando da rigarta. Ya yi dariya, ya ce wani abu da Turanci. Malam Dawuda ya ce wai yana tambaya wa ya ɗinka. Na ce ni. Ya sa hannu ya sosa mata bayan kunne, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Kawo shi."

A kan tebur suka yi, cikin rumfa. Ya yi mata allura a ƙafa, ta yi laushi kamar tsumma, harshe waje. Na ce ta mutu. Malam Dawuda ya ce, "Barci ne, Inna. Ki koma waje." Ban koma ba. Na riƙe kanta na juya fuskata ga zana, ina karanta duk abin da na iya. Ina jin ƙarar almakashi. Iyatu na bakin rumfa tana korar masu leƙe.

Da suka gama Baturen ya nuna mani abin a cikin tasa. Ban so gani ba, amma na duba. Ya fi yadda nake zato girma. Ya ɗinke ta da zare kamar yadda ake ɗinke ƙwarya.

Ya yi magana mai tsawo, Malam Dawuda ya juya mani. Ya cire abin da ya gani. Amma irin wannan ciwo yakan bar saiwa a ciki, wataƙila ya dawo. Ko yaushe, bai sani ba. Ta yiwu ta ga kaka, ta yiwu ta ga wata daminar.

Na ce a gaya mashi na gode, kaka ma ta ishe ni. Na ba shi ƙwan zabi da na zo da su a ƙoƙo. Ya karɓa da hannu biyu.

Ba ta farka ba sai bayan azahar. Ta buɗe ido, ta yi ƙoƙarin tashi, ta faɗi. Ta lashi yatsana.

Gida ya yi nisa da mai sabon ɗinki, shi ya sa muka ratse nan wurin ɗiyata Sa'a. Surukarta ta ce kare ba zai shiga cikin gida ba. Ban ga laifinta ba. Sa'a ta share mana rumfar awaki.

Asabar, bayan la'asar

Sa'a ta zo ta zauna kusa da ni a rumfar. Ciki gare ta, ya fara fitowa, ba ta faɗa ba ni ma ban faɗa ba. Ta ce, "Inna, akwai wani a garin nan da ya dawo daga inda Baba yake. An sallame shi."

Na ce ta kai ni.

Sunansa Malam Babba, masaƙi ne. Muka same shi a ƙofar gida yana kaɗa zare. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wace ce. Ya ajiye aikin.

"Ke ce matar Sodangi maharbi? Ai ɗakinmu ɗaya."

Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mani. Tabon ya dushe, sai an lura. Ya ce wata ƙwaya ce fara ake ba su yanzu, ba irin allurar mai ta da ba. Mutane da yawa sun koma gida. Ya ce Maigida ya yi ƙiba, shi ke kula da lambun wurin, an kusa duba jininsa. Yatsu biyu na hagu sun lanƙwashe, ba za su miƙe ba. Sauran lafiya.

"Kullum sai ya yi mana labarin wata karya," in ji shi. "Har mun gaji. Mun san duk zomon da ta taɓa kamawa."

Sa'a ta yi dariya, sai kuma ta rufe fuska da gyale.

Zai koma can wani mako a duba shi. Ya ce mi zai faɗa ma Maigida. Zuciyata ta ce in ce kowa lafiya. Sai na ce, "Ka ce mashi an yi shuka. Ka ce Barewa ta yi ciwo, an yi mata aiki, tana ci. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Bauranya. Laraba, da safe

Mun dawo. Gero ya tsiro, ciyawa ma. Barewa ta ci tuwo da miya.

Lahadi, da azahar

Tana son cizge zaren. Na yanke gindin tsohuwar ƙwarya na zura mata a wuya don kada bakinta ya kai. Yanzu ga riga ga ƙwarya. Tana tafiya tana karo da turmi. Maƙwabciyata, wadda ta daɗe ba ta shigo ba, ta leƙo ta kan zana don ta gani, har ta zauna muka yi hira, ta tafi da aron rariya.

Alhamis, da yamma

Bubayero ya cire zaren da ƴar wuƙarsa, yadda Malam Dawuda ya nuna mashi. Wurin ya haɗe, sai layi ja. Na cire mata rigar na wanke na shanya.

Asabar, da hantsi

Ina noman farko sai zomo ya tashi gabana. Ban ankara ba sai na ga wani abu ja ya wuce. Barewa ce. Ba ta kama shi ba, ko rabin gonar ba ta kai ba ta tsaya tana haki. Amma ta dawo da wutsiya sama, ta zagaya ni, ta kwanta bisa ƙafata. Na ajiye fartanya na zauna nan bisa kunyar gona, ina dariya ni kaɗai.

Talata, bayan la'asar

Yaya Lawal ya zo da hauyarsa a kafaɗa. Ya shiga gonar dawa, muka yi ta aiki har rana ta karkata. Da muka dawo ya ciro wani ƙunshi na ganye daga aljihu ya ajiye bisa turmi.

"Mahauci ne ya ba ni," in ji shi. "Ban san abin da zan yi da shi ba."

Ƙashi ne, da sauran nama a jiki. Barewa ta ɗauka ta tafi bayan rumbu.

Ya ce ya ji labari a kasuwa wai ana sallamar mutane daga can. Na ce ni ma na ji. Ya ce, "Hm." Bai yi maganar alƙali ba. Yau ya shanye furarsa.

Watan Babbar Salla. Jumma'a, da safe

Na sami wani kumburin a cikin Barewa. Ƙarami, kamar ƙwayar wake, sama da tabon kaɗan.

Na zauna na ɗan lokaci. Sai ta tashi ta je ta kori kaji daga shanyar gero, na tashi ni ma na ɗora tukunya.

Litinin, da azahar

Bai ƙaru ba. Tana ci, tana zuwa gona. An yi ruwa jiya.

Alhamis, jajiberen salla, bayan la'asar

Ina daka da hantsi, Barewa na kwance a inuwar rumbu. Sai ta ɗaga kai. Ta miƙe kunnuwa. Ni ban ji komai ba. Ta tashi ta fita da wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, siriri, kamar na ɗan kwikwiyo.

Na fito da taɓarya a hannuna.

Maigida ne, yana bisa hanyar da ta ratso gonar gero, da ƙunshi a kafaɗa da sanda. Ya durƙusa tsakiyar hanya, tana ta tsalle tana faɗuwa a jikinsa, hularsa ta faɗi. Na tsaya a ƙofa.

Da ya iso ya ce, "Salamu alaikum." Na amsa. Ya ce, "Kubura, kin rame." Na ce, "Kai kuwa ka yi ƙiba." Shi ke nan abin da muka iya.

Motar gyaɗa ce ta sauke shi a Kankiya, ya kwana can, ya taso da asuba. An sallame shi. Zai riƙa karɓar ƙwaya a asibitin Kankiya.

Bayan ya sha ruwa ya kwantar da ita a tabarma ya duba tabon. Ya ce kan yatsunsa ba su ji sosai yanzu, sai ya bi cikinta da bayan hannu, a hankali. Ya zo kan ƙwayar waken ya tsaya. Ya dube ni.

Na ce, "Na gani. Sun ce zai iya dawowa."

Ya ce, "Yana mata zafi?"

Na ce, "Ba alama. Jiya ma ta kori gafiya."

Ya ce, "To, mu bi ta a hankali. Ranar da ta gaji za ta faɗa mana."

Ran salla, bayan isha'i kaɗan

Da yamma mazan unguwa suka zo yi mashi barka da dawowa. Ina bayan zana ina tuƙa tuwo, ina leƙe. Yana zaune cikin zaure, Barewa kwance a gefensa na dama. Su kuma suka tsaya daga waje, kowa hannunsa a baya ko cikin aljihu. Gaisuwa suke da fara'a, amma ba wanda ya taka dokin ƙofa. Yana amsawa, yana sosa kunnen Barewa, bai ɗaga kai sosai ba.

Sai ga Yaya Lawal da rigar salla, ya taso tun daga Kusada. Ya ratsa su, ya tuɓe takalmi, ya shiga. Ya miƙa hannu. Maigida ya ɗan yi jinkiri, sannan ya ba shi. Yaya ya riƙe bai saki da wuri ba.

"Sodangi, matsar da karyar nan in zauna."

"Ta riga ka zuwa, Yaya."

Yaya ya yi tsaki, ya zagaya ya zauna ta hagu. Ya ɗaga murya ya ce, "Kubura, a kawo mana tuwon, akushi ɗaya ya isa."

Bubayero ne ya fara shiga bayansa. Sai wani tsoho mai gyaran rijiya. Sauran wasu suka shiga, wasu suka yi sallama suka tafi. Ban ƙirga ba.

Tuwona ya kama a gindi saboda leƙe. Suka cinye har ƙanzon.

Lahadi, da sassafe

Sun tafi gona su biyu. Daga ƙofa ina hango su cikin gero, shi da sanda, ita a gefensa. In ta tsaya hutawa sai ya tsaya ya yi kamar yana duba shuka.